Tambaya kan Erica verticillata: me ya sa ake cewa ta ɓace daga daji alhali ana sayar da ita a tukwane?

Ɗalibar Tsirrai ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina shirya aikin da zan gabatar a aji kan tsirran da suka ɓace daga mazauninsu na asali, sai malaminmu ya ba ni wata 'yar itaciya ta Afirka ta Kudu mai suna Erica verticillata, ya ce in bi labarinta tun daga farko. Abin da na fahimta zuwa yanzu shi ne, itaciya ce mai rassa da yawa daga gindi, kamar yadda sabara take a wajenmu, tsayinta yakan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ganyenta sirara ne kamar allura, furenta kuma dogo ne kamar ƙaramin bututu, launinsa ruwan hoda, yana fitowa zobe-zobe yana kewaye reshe. Ba ta taɓa fitowa da kanta a ko'ina a duniya ba sai a wani siririn yanki mai yashi da danshi da ke cikin birnin Cape Town na yau.

Inda na rikice shi ne nan. An rubuta cewa rabon da a tsinko ta a daji tun 1908, kuma har yanzu tana cikin rukunin tsirran da suka ɓace daga daji. Amma kuma na ga ana cewa masu rainon furanni suna sayar da ita, mutane suna shukawa a gidajensu, har ma an mayar da ita wasu gandun daji na birnin tana fure duk shekara. To, idan tana tsaye a ƙasarta ta haihuwa tana fure, da wane dalili za a ci gaba da kiranta ɓatacciya? Shin jinkiri ne kawai na masu rubuta rajista, ko kuwa akwai wani sharaɗi na ilimi da ba ta cika ba tukuna? Ina roƙon duk wanda ya san lamarin ya yi mini bayani dalla-dalla, domin ba na so in tsaya gaban aji in faɗi abin da ni kaina ban gamsu da shi ba. Allah ya saka da alheri.

Malamin Kimiyyar Tsirrai ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta taɓa ainihin jijiyar maganar, kuma amsar ba jinkirin rajista ba ce.

Bari in fara da inda itaciyar take tun asali, domin sai an san wurin za a gane abin da aka rasa. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin mai suna Peter Jonas Bergius ne ya bayyana ta a rubuce a 1767. A wancan zamani tana nan birjik a gefen fadamu da ƙoramu na shimfiɗaɗɗiyar ƙasar yashin da ake kira Cape Flats, tun daga wajen Mowbray, ta bi ta Rondebosch da Claremont da Kenilworth da Wynberg, har zuwa tafkin Zeekoevlei. Duk waɗannan sunaye da na lissafa yanzu unguwanni ne cike da gidaje da kwalta. An zurare ruwan fadamun an yi gonaki, bayan gonaki aka yi gine-gine, sannan baƙin itatuwan da aka kawo daga Ostireliya a ƙarni na 19 don su danne yashin da iska ke kwasa, 'yan'uwan bagaruwa ne na nesa, suka bazu suka shaƙe abin da ya rage. Ga kuma masu sayar da fure da suka riƙa yankan ta suna kaiwa kasuwa, saboda tana fure daga Janairu zuwa Maris, tsakiyar ranin can, lokacin da yawancin furannin yankin sun riga sun wuce. Kyanta da lokacin furenta sun taimaka wajen ƙarar da ita.

Shekaru da dama kowa ya ɗauka ta tafi ke nan. Sai a shekarun 1980 wani ma'aikacin Kirstenbosch, babban lambun tsirrai na Cape Town, mai suna Deon Kotze, wanda ke kula da dangin Erica, ya shiga cigiyarta. A 1984 aka gano tana raye a wani wurin shaƙatawa mai suna Protea Park a Pretoria, fiye da kilomita dubu daga gidanta. Aka samu wata a lambun Kew na Landan. A 1990 kuma wani shugaban leburori na Kirstenbosch ɗin kansa, Adonis Adonis, ya ci karo da wata tsohuwa a wani lungu na lambun, ashe tana nan kusa ana ta nemanta a nesa. Wadda labarinta ya fi ba ni mamaki ita ce ta fadar Belvedere a birnin Vienna. Sarkin daular Ostiriya Joseph na Biyu ya aiko masu lambu biyu, Franz Boos da Georg Scholl, suka iso Cape a 1786 don tattara tsirrai, Scholl ma bai koma gida ba sai 1799, kuma ana kyautata zaton daga abin da suka kai ne wannan ta samo asali. Ma'ana, masu lambun Vienna sun yi shekara wajen ɗari biyu suna yankan reshe suna dasawa a ɗakunan gilashi, wannan ya tsufa ya miƙa wa wancan, har da tsallake yaƙe-yaƙen duniya guda biyu, ba tare da sun san cewa abin da ke hannunsu ya ƙare a ƙasarsa ba. Anthony Hitchcock na Kirstenbosch ya ci gaba da wannan cigiya, aka ƙara samun wasu a tsibiran Scilly na Ingila da wajen masu sayar da tsirrai a Amurka, har adadin tushen da aka sani ya kai kimanin takwas.

To, ki riƙe wannan adadi na takwas, domin a nan amsarki take. Dubban itatuwan da kika ji ana sayarwa ba daga iri aka same su ba, daga yankan reshe ne, kamar yadda manomi yake dasa rogo ko rake. Duk gonar rogon da aka dasa daga kara ɗaya, ko ta kai eka goma, a wajen gado rogo ɗaya ne aka maimaita. Haka nan wanda ya ga tukwane dubu na Erica verticillata a jere, mai yiwuwa itaciya ɗaya ko biyu kawai yake kallo. Wannan kuwa babbar matsala ce gare ta musamman, saboda ba ta yin iri da garin furenta na kanta, dole sai an kawo mata garin fure daga wani tushe dabam. Da aka fara mayar da ita gandun Rondevlei da ke cikin Cape Town a 1994, aikin da jami'in gandun Dalton Gibbs ya jagoranta, tushen Pretoria kaɗai aka dasa. Ta kama, ta yi fure, amma babu iri. Sai da aka kawo tushe na biyu aka dasa kusa da ita sannan ƙwaya ta ɗauru. Kuma cikin takwas ɗin ma ba duka ne ke ba da iri mai tsirowa ba, don haka waɗanda ake dogaro da su wajen aikin maidowa ba su kai takwas ba.

Saboda haka masu tantancewa ba sa tambayar ko tana tsaye a wurin, suna tambayar ko za ta iya ci gaba da zama a wurin idan ɗan Adam ya janye hannunsa. Sharaɗin da ake ambato game da ita shi ne a ga zuriya hawa uku sun tsiro daga iri, sun girma, sun haifar da na bayansu a daji da kansu. Itaciyar da aka raina a tukunya aka kai aka dasa, aka yi mata ban ruwa a raninta na farko, har yanzu shuka ce ta lambu, ko da kuwa a tsakiyar gandun daji take. Ni a ganina wannan tsauri daidai ne, domin da za a cire ta daga jerin tun ranar da aka dasa ta, da an buɗe ƙofar da kowa zai lalata mazaunin tsiro ya ce ai akwai shi a tukunya.

Mazaunin Cape Town ya amsa:

Sallama gare ku duka. Malam ya gama magana ta fuskar ilimi, ni dai zan ƙara abin da idona ya gani, domin na yi shekaru ina zaune a birnin nan kuma na je Rondevlei fiye da sau ɗaya.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne ƙanƙantar wurin da kuma yadda gari ya kewaye shi. Unguwannin Grassy Park da Lavender Hill suna nan jikin shingensa, kana tsaye cikin gandu kana jin ƙarar motoci da muryoyin yara. An kafa shi a 1952 don tsuntsaye, a 1981 kuma aka dawo da dorina cikin tafkin don ta cinye wata baƙuwar ciyawa da ta mamaye bakin ruwa. Na je a watan Fabrairu, rana tana dukan yashi fari fat, iskar kudu maso gabas da ba ta hutawa a ranin nan tana kaɗa komai, yawancin ciyayi sun yi toka-toka, sai ga waɗannan itatuwa sun yi jajir-jajir da fure har sun fi ni tsayi. Na tsaya kamar minti goma ban motsa ba, sai wani ɗan tsuntsu mai dogon baki lanƙwasasshe, kansa kore mai sheƙi, ƙirjinsa da jan ɗamara, ya sauka a reshe har reshen ya sunkuya, ya riƙa cusa baki cikin furannin ɗaya bayan ɗaya yana zagaya zoben, sannan ya tashi ya faɗa wa ta gaba. Wannan shi ne mai kai garin furen da Malam ya ambata. Lanƙwasar bakinsa da tsawon bututun furen kamar an auna su tare. Akwai kuma manyan ƙudajen zuma baƙaƙe da ke zuwa.

Wani abu da na lura da shi, 'yar'uwa, wanda zai yi miki amfani a aji, shi ne ba ko'ina take tsayawa ba. Ba ta cikin ruwa tsundum, ba ta kan tudun yashi busasshe, tana bin wata siririyar gaɓa ce tsakanin biyun, inda idan ka tona da yatsa za ka ji sanyin danshi ko da rani. An ce a dashen farko an jera ta ne daga tudu har zuwa bakin ruwa don a gane inda take so, tunda babu mai rai da ya taɓa ganin ta a daji da zai faɗa, kuma yawancin waɗanda aka dasa mutuwa suka yi, ta gaɓar ce ta rayu. Wannan ya taɓa mini zuciya ƙwarai, a ce an manta mazaunin tsiro har sai an tambaye shi ta hanyar gwaji.

Wuri na biyu da aka mayar da ita ya fi wannan ban mamaki, wato tsakiyar filin sukuwa na Kenilworth. Da'irar da dawakai ke zagayawa ta kewaye hekta 52 na ƙasar da ba a taɓa nomawa ko ginawa ba tun ƙarni na 19, don haka ta zama ɗaya daga cikin mafi kyawun ragowar irin wannan daji na yashi a duk duniya. Ba wanda ya yi niyyar kare shi tun farko, sukuwar ce ta hana a taɓa shi. A can ma akwai wata 'yar'uwarta, Erica turgida, wadda ita ma ta ɓace daga daji aka dawo da ita. Wuri na uku shi ne Tokai, inda aka sare baƙin itatuwan katako masu ganye kamar allura da aka shuka tun zamanin mulkin mallaka, kuma a nan an sha jayayya sosai da mazauna yankin da ke son inuwar da suka saba yawo a ƙarƙashinta.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Na karanta bayananku da natsuwa, Allah ya ƙara basira. Ni dai akwai abu biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko, na ji an ce a irin waɗannan gandaye da gangan ake cinna wuta. Na yi shekaru talatin ina bin ƙauyuka ina roƙon jama'a su daina ƙona daji, saboda na ga yadda wuta ke cinye taki da ƙananan itatuwa ta bar ƙasa tsirara. Yaya za a yi a sha wahalar nemo tsiro daga Turai, a raine shi shekara da shekaru, sannan a sa masa ashana?

Na biyu, ɗan'uwanmu mazaunin Cape Town ya ce unguwannin talakawa ne suka kewaye wurin. Na san cewa Cape Flats nan ne gwamnatin wariyar launin fata ta riƙa jibge mutanen da ta tasa daga cikin gari bayan dokar raba unguwanni ta 1950, kuma har gobe akwai masu kwana a ɗakunan kwano suna jiran a ba su fili. Ba ina raina halittar Allah ba ne, amma ina so in ji hujjar da za a gaya wa irin wannan mutum idan ya nuna filin ya ce a ba shi ya gina.

Malamin Kimiyyar Tsirrai ya sake amsawa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka yi shekaru kuna faɗa game da ƙona daji a wajenmu gaskiya ne, domin wutar da ake sa wa kowace shekara ba ta barin komai ya girma. Amma dajin Cape, wanda suke kira fynbos, wata halitta ce dabam. Ruwansa da sanyi yake sauka, daga wajen Mayu zuwa Agusta, raninsa busasshe ne mai iska, ƙasarsa yashi ce mai tsami marar ƙarfi, kuma tsirransa sun daɗe suna rayuwa da wutar da ke ratsawa sau ɗaya cikin shekara goma zuwa goma sha biyar. Erica verticillata ba ta tofowa daga gindi bayan wuta, uwar takan mutu ƙurmus. Abin da ke tsira shi ne ƙwayoyinta, ƙanana kamar ƙura, da suka yi shekaru suna zuba cikin yashi suna jira. Wuta ce ke share inuwar tsofaffin itatuwa, ta bar toka, hayaƙinta kuma ya tashe su. Wannan magana ta hayaƙi tabbatacciya ce, domin masu bincike biyu na Afirka ta Kudu, De Lange da Boucher, sun nuna a 1990 cewa hayaƙi kaɗai yana sa irin wani tsiron fynbos ya tsiro, a 2004 kuma aka gano sinadarin da ke yin wannan aiki a Ostireliya. Idan aka hana wuta gaba ɗaya, itatuwan za su tsufa su bushe a tsaye babu magaji.

Shi ya sa a 2013 aka ƙona wani sashe na Rondevlei da gangan, da itatuwan da aka yi shekaru ana lallaɓawa a cikinsa. Ina jin duk wanda ya raine su bai yi barci mai daɗi ba a watannin da suka biyo baya. Bayan ruwa ya sauka sai 'ya'ya suka ɓullo daga yashi, waɗanda ba hannun kowa ne ya dasa su ba. Wannan shi ne hawa na farko. Malama, ki lissafa da kanki: idan kowane hawa yana jiran wuta, wuta kuma tana zuwa bayan shekara goma ko fiye, kin ga hawa uku aikin shekaru talatin zuwa arba'in ne. Ga kuma wahalar cinna wuta a tsakiyar gari, inda sai an nemi izini, an duba iska, an sanar da maƙwabta, kuma idan ɓarna ta sa wuta ta tashi kafin itatuwan su tara iri, an koma baya.

Tambayarku ta biyu ta fi nauyi, Baba, kuma ba zan ce ina da amsar da za ta share hawayen marar muhalli ba. Abin da zan iya cewa shi ne, irin wannan daji na yashin Cape Flats mafi yawansa ya riga ya tafi ƙarƙashin gine-gine, abin da ya rage 'yan gutsattsari ne, kuma ko an gine su duka ba za su kashe ƙishirwar gidaje a birnin ba, alhali abin da ke cikinsu babu shi a wani wuri a doron ƙasa. Yankin Cape gaba ɗaya yana da tsirrai kusan 9,000, kimanin kashi biyu cikin uku ba a samunsu ko'ina sai can, kuma cikin nau'in Erica fiye da 800 na duniya, kusan 700 a kudancin Afirka suke. Sannan wuraren da wannan itaciya ke so fadama ce da ruwa ke kwanciya a cikinta da damina, inda gidan da aka gina yake shan ambaliya duk shekara. Aikin sare baƙin itatuwa kuma, wanda gwamnati ta fara a 1995 da shirin Working for Water, talakawan ne yake ɗauka aiki, kuma yana ceto ruwan da waɗannan itatuwa ke shanyewa, abin da mutanen Cape Town suka ji a jikinsu lokacin farin 2015 zuwa 2018.

Akwai wata da ba ta yi irin wannan sa'a ba, Erica pyramidalis, wadda ita ma a wannan yashin take, ta ɓace a farkon ƙarni na 20, kuma ba a same ta a lambun kowa ba. Busasshen samfurinta kawai ya rage a ma'ajiyar tsirrai.

Ɗalibar Tsirrai ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Baba, na gode ɗan'uwa. Yanzu na gane cewa abin da ake ƙirgawa shi ne zuriyar da ta tsiro da kanta, kuma zan gina bayanina a kan misalin rogo da kuma wutar 2013. Saura tambaya ɗaya da na san za a yi mini a aji: shin akwai danginta a ɓangarenmu na Afirka, kuma za ta iya rayuwa idan aka kawo ta nan?

Malamin Kimiyyar Tsirrai ya amsa:

Akwai danginta, Malama, amma sai a kan manyan duwatsu masu sanyi. Erica arborea tana nan a tsaunukan Habasha, akwai kuma ragowarta a can ƙololuwar duwatsun Tibesti na arewacin Cadi, a tsakiyar Sahara, tun zamanin da yankin yake da danshi. A Dutsen Kamaru ma akwai Erica mannii. Ita kuwa verticillata ba zan ba da shawarar a kawo ta ƙasarmu mai zafi ba, saboda saiwoyinta sirara ne kamar gashi, suna dogara da wani irin fumfuna na cikin ƙasa mai tsami wajen samun abinci, ba sa jure taki mai ƙarfi, kuma zafi haɗe da ruwan damina yakan ruɓar da su. Idan aka tambaye ki wane tanadi aka yi mata baya ga gandayen nan, ki ce an ajiye irinta a rumbun iri na Millennium da ke Wakehurst a Ingila, wanda aka buɗe a 2000, inda ake busar da ƙwayoyi a adana su cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili.